A buɗe mana ƙofar loko, ko da rana ɗaya ce a shekara

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka baro gida, ni da ɗiyata mai shekara tara, ana yayyafin nan na Ingila da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki. Maƙwabcina ne ya sa mu wannan sammako. Dattijon Bature ne da ya ƙare aikinsa a gyaran kan jirgi, kuma wata biyu ya yi yana min naci cewa lallai in je in ga ranar da ake buɗe garejin jiragen ƙasa, wato loko, ga jama'a. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan, kullum jirgi nake hawa zuwa aiki, amma bai taɓa faɗo min a rai ba cewa akwai mai barin barcin Asabar don ya je ya ga inda jirgi yake kwana.

Tun a jirgi na biyu da muka canza na fara gane masu sha'awar jirgin ƙasa. Jaka a baya, kyamara a wuya, ɗan littafi da biro a aljihun gaba. Duk kan jirgin da muka gifta sai ka ga wuya ya miƙe zuwa taga, a rubuta lamba. Wanda ke zaune kusa da mu ya ce tun daren jiya ya taso daga Sikotilan, a tasha ya ƙarasa kwana. Wani kuma ya zo da jikansa, yana nuna masa littafin da ya fara rubuta lambobi a ciki tun yana ɗan firamare, takardun duk sun yi ja. 'Yan ƙasarsu ma kan yi musu dariya, su ce aikin marasa aikin yi ne. Kafin la'asar ta ranar ni dai na san ba haka ba ne.

Da muka isa, layi ya zagaye katanga. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma an rubuta a ƙofa cewa ƙungiyoyin agaji za a ba. A ciki an jera kawunan jirgi, tsoho kusa da sabo, an wanke su fes. Makanikan da ke aiki a wurin kullum su ne masu tarbar baƙi, kowa tsaye kusa da abin da ya fi sani. Ɗaya ya tsayar da mu a bakin ramin da suke shiga su duba cikin jirgi ta ƙasa, ya haska tocila ya nuna wa ɗiyata takalmin birki, ya ɗauko sabo da wanda ya cinye ya ɗora mata a hannu biyu don ta ji bambancin nauyi. Wata budurwa mai koyon aiki ta nuna mata yadda ake zuba yashi a kan dogo ta wani ɗan bututu idan ƙafar jirgi na santsi. Muka yi minti arba'in a layi kafin ta hau kujerar direba. Da ta sauko ba ta ce komai ba, sai kallon tafin hannunta take yi, baƙin mai ya ɓata shi, ta ƙi yarda in goge.

Can aka ta da wani tsohon kan jirgi mai shan dizal, irin wanda suke kira aji na 37. Guda 309 aka ƙera tsakanin 1960 da 1965, kuma har yau akwai masu jan kaya a cikinsu. Saboda rugugin injinsa suke masa laƙabi da tarakta. Yana tashi wurin ya yi tsit, na ga dattawa sun rufe ido suna saurare kamar mai jin muryar wanda ya daɗe bai gani ba. Maƙwabcina ya ja ni ya nuna min farantin tagulla a jikinsa, inda aka rubuta masana'antar da ta ƙera shi: Vulcan Foundry. Sai ya ce, "Ai mun ƙera muku ku ma." Gaskiya ya faɗa. Daga wannan masana'anta aka kai wa Najeriya kawunan jirgi masu tururi a 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunanmu.

A nan ne jikina ya yi sanyi, domin irinsu marigayi kawuna ya yi wa hidima. Fayaman ne a lokon Zariya, wato mai zuba kwal a wuta, kafin daga baya ya zama direba. Ina yaro yakan zaunar da ni ya ce, "Kai yaro, jirgi ciki gare shi kamar mutum, in ka cika masa ya shaƙe, in ka rage masa ya kwanta." Yakan ba da labarin kwal ɗin Inugu, da tashoshin da ake tsayawa shan ruwa, da hawan da in an zo shi sai shebur ya yi ta kai da kawo ba hutu har rigar mutum ta jiƙe sharkaf. Yana da fitilar hannu mai gilashi ja da kore, yana da usur. Ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Fitilar ta bi 'yan gwangwan, labaran kuma babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya, har ni da na fi kowa zama a gabansa.

Amsar da na fi ji idan na kawo maganar mu ma mu adana tarihin jirginmu ita ce: ai Turawa masu kuɗi ne, sun ƙoshi, shi ya sa suke da lokacin shafa tsohon ƙarfe. Ban yarda ba, kuma tarihinsu ne ya hana ni yarda. Hukumarsu ma zubarwa ta yi. Rahoton shugabanta Beeching na 1963 ya jawo rufe dubban mil na layin dogo da tashoshi fiye da dubu biyu. A watan Agustan 1968 aka daina aiki da jirgin tururi a manyan layuka, aka tura kawunan ga masu yanka ƙarfe. A wani filin jari-bola da ke garin Barry a yankin Wales, mai wurin ya shagala da yanka taragu ya bar kawunan suna tsatsa a bakin teku, sai mutane suka riƙa haɗa taro da sisi suna sayensu ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da 213. Tun kafin nan, a 1951, 'yan sa-kai suka karɓi ɗan layin Talyllyn da ke shirin mutuwa suka ci gaba da tafiyar da shi, kuma shi ne na farko a duniya da aka ceto ta wannan hanya. Malaman makaranta ne, da akawu, da tsofaffin leburorin reluwe, a shekarun da ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yaƙi ba. Gwamnati ta buɗe gidan tarihin jirgi na York a 1975, amma jama'a sun riga ta nisa.

Mu kuwa abin da za mu nuna bai fi nasu ƙanƙanta ba. Dogo ya iso Kano daga Baro a 1911, shekara ta zagayo aka haɗe shi da na Legas, tafiyar sama da kilomita 1,100. Ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. An taɓa yin wani ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957, yau da wuya ka sami matashi a garuruwan biyu da ya taɓa jin labarinsa. Kafancan jirgi ne ya mai da ita mahaɗa. Dalar gyaɗar da muke tinƙaho da hotonta ba don ado aka tara ta ba, jiran tarago take yi. Sabon Gari nawa ne suka tsiro a gefen tasha? Aure nawa aka ƙulla tsakanin mutanen da ba don dogo ba da ba za su taɓa haɗuwa ba?

Wani zai ce kayan mulkin mallaka ne, don kwashe arzikinmu aka shimfiɗa shi, me za a yi wa biki? Rabin maganar gaskiya ne, kuma akwai abin da ya fi haka ɗaci: da aikin tilas aka gina layin Baro zuwa Kano, an ɗebo talakawa daga ƙauyuka sun haƙa ƙasa da hannu. To ai wannan shi ne babban dalilin da zai sa a adana shi. Gumin kakanninmu ne a ƙarƙashin kowane dogo. Kuma ba su zauna an yi yadda aka ga dama da su ba. Auduga Turawa suka sa rai jirgin zai kwasa daga Kano, manoma da fatake suka duba inda riba take suka cika shi da gyaɗa, irin su Alhasan Ɗantata suka kafu a kan wannan ciniki. Ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, Michael Imoudu yana gaba. Wanda ya bar wannan tarihi ya ruɓe don yana jin haushin Bature, nasa ya zubar.

Maganar tsaro ta fi nauyi, ba zan raina ta ba. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya bar tabo a zukatan mutane, kuma wanda ɗan'uwansa ya yi watanni a daji ba zai ji daɗin a ce masa jirgi abin sha'awa ne ba. Na fahimci mai cewa a fara tsare dogon tukuna. Sai dai ina ganin abu biyun ba sa karo. A zuwana gida na ƙarshe na ratsa ta wata tsohuwar tasha, na ga taragu ciyawa ta fito ta tagoginsu, an kwance duk abin da zai kwantu. Yaran da ke wasa a wurin ba su taɓa ganin kowa ya daraja wurin ba, ba wanda ya taɓa ce musu kakan wane ne ya tuƙa wannan. Abin da aka nuna wa yaro cewa ba shi da mai shi, ranar da ya girma ya ga ana sayen ƙarfe a kan sikeli, me zai hana shi?

Ba gidan tarihi na biliyoyi nake roƙo ba. Akwai 'yan abubuwan da suka tsira: gidan Jaekel a Ebute Metta, wanda wata ƙungiyar sa-kai ta gyara ya zama ɗan gidan tarihin reluwe, da ɗan kan jirgin Wushishi na farkon ƙarnin da ya wuce da ke ajiye a Minna. Abin da nake roƙo ya fi wannan sauƙi. Rana ɗaya a shekara, a share loko a Zariya ko Kano ko Minna ko Kafancan, a ja igiya inda yake da haɗari, a buɗe ƙofa. A gayyato 'yan makaranta. A ɗauko tsofaffin direbobi da fayaman da masu ba da hannu daga kwatas ɗin reluwe, waɗanda da yawansu ke zaune suna jiran fansho ba mai tambayarsu komai, a ba su kujera kusa da kan jirgi, a bar su su yi magana. A nan mun fi Turawan nan abin yi, domin su lamba suke rubutawa, mu kuwa bakin dattijo ɗaya zai riƙe taro har magariba. A yi haka ma a sabon layin da aka buɗe tsakanin Idu da Rigasa a 2016. Ana shimfiɗa dogo zuwa Kano, ana shimfiɗa wani zuwa Maraɗi, to wa zai gyara waɗannan jirage nan da shekara ashirin in ba yaron da aka taɓa ɗora wa takalmin birki a hannu ba?

Su ma fa suna da tasu damuwar. Yawancin waɗanda na gani a layin nan furfura ce, kuma maƙwabcina ya ce abin da ke hana shi barci shi ne wa zai karɓa in sun tafi. Shi ya sa suke rawar jiki a kan kowane yaro da ya shigo. Namu dattawan sun fi nasu tsufa. Wanda ya zuba kwal a jirgin tururi yana saurayi, yau ya haura saba'in, kuma kowace damina ana raguwa.

A hanyar dawowa ɗiyata ta ciro takardar da ta rubuta lambobi bakwai a kai, ta ce, "Abba, jirgin kakanmu mece ce lambarsa?" Na yi shiru har muka wuce tasha biyu. Da muka isa gida na kira gwaggo, matar marigayin, na tambaye ta ko akwai hoto. Ta ce hoto kam babu, amma akwai abokin aikinsa guda da ya rage, suna gaisawa da Sallah, idonsa ya tafi amma kansa garau. Na roƙi ƙanena ya shirya ya je ya same shi ran Juma'a, ya gaishe shi da kyau, ya ajiye waya a gabansa ya kunna rikoda, ya fara tambayarsa sunan kogin da ke rubuce a jikin jirginsu.