Gargaɗin da bai jira tabbas ba: tsakanin Japan da Katsina

Tun da na baro Katsina na zauna a Japan, babu abin da ya fi jan hankalina kamar yadda mutanen nan suke aiki da gargaɗin girgizar ƙasa da bai cika ba. Babbar girgizar ƙasa ba lokaci guda take fashewa ba. Tsagar da ke cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa takan fara zamewa daga wuri ɗaya, sannan ta ci gaba da yagewa kamar yadin da tela ya ja, tana cin kilomita 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Wadda ta auka wa yankin Tohoku ranar 11 ga Maris 2011 ta yage kusan kilomita 500, kuma ta ɗauki kimanin minti 3.

Na'urori suna kama jijjigar farko, mai sauri amma maras ɓarna sosai, su aika saƙo ta waya da talabijin kafin mai rushe gini ta iso. Sai dai a wannan lokacin tsagar ba ta gama yagewa ba, don haka babu wanda zai iya faɗin inda za ta tsaya. Shi ya sa a ranar hukumar yanayi ta Japan ta fitar da gargaɗi bisa ƙiyasin cewa ƙarfin girgizar maki 7.2 ne, alhali girgizar ta kai 9.0, kuma igiyar tekun da girgizar ta tayar, wadda aka fara cewa tsayinta mita 3 ne a lardin Iwate na yankin, ta zo ta ninka haka sau da yawa. Duk da wannan gibi ba a watsar da tsarin ba, gyara shi aka yi, domin jiragen ƙasa masu gudun tsiya sun tsaya lafiya da fasinjojinsu, kuma har yau ana koya wa yara shiga ƙarƙashin teburi da zarar ƙararrawa ta kaɗa.

Mu Allah ya sauƙaƙa mana wannan, ko da yake ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. Abin da ke cinmu shi ne ambaliya, irin ta Jibiya a Yulin 2018. Abin da ke damuna shi ne, su daƙiƙoƙi suke samu, mu kuwa hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana ba da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka, amma sai mu tsaya jiran tabbas. A ganina ya kamata gargaɗin ya wuce ofis da gidan rediyo, ya isa hannun mai unguwa da lasifikar masallaci, kuma tun a bazara kowane gida da ke bakin gulbi ya san tudun da zai nufa idan an yi shela cikin dare.