Na kammala karatun kasuwanci, amma ba layin neman aikin ofis zan shiga ba

Tun da aka ji mun ajiye alƙalami, tambaya ɗaya nake amsawa a garinmu: "To Malam, sai ina, banki ko Abuja?" Masu tambayar ba da wata manufa suke yi ba, domin a fahimtarsu makomar duk wanda ya karanta harkar kasuwanci ita ce kujera da albashin ƙarshen wata. Niyyata ta saɓa da haka, kuma ina so in bayyana dalilina.

Mu 'yan wannan zango ba mu yi karatu cikin kwanciyar hankali ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zaunar da mu a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba, muna komawa kuma sai ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sannan aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, kuɗin mota da na abinci suka tashi lokaci guda. Kusan kowa a ajinmu sai da ya kama wata sana'a: wani wankin hula, wani sayar da data, 'yan mata kuma turaren wuta da cincin. Na lura cewa waɗanda suka fi gane darasin lissafin kuɗi su ne waɗanda jarinsu ya taɓa karyewa, ba lalle waɗanda suka fi haddace littafi ba.

Watannin yajin aikin nan na yi su ne ina bin Kawu zuwa kasuwar Gujungu da ke Jihar Jigawa ranar Lahadi, inda yake sayen riɗi da wake. Kawu bai taɓa zama a aji ba, amma da ya damƙi riɗi a hannu zai faɗa maka ko ya bushe, ko an cakuɗa shi da yashi, ya kuma san manomin da za a ba bashi da wanda sai dai a gaisa. Wannan ilimi babu shi a littattafanmu, waɗanda yawancin misalansu na manyan kamfanonin Amurka da Turai ne, alhali kasuwar Dawanau tana nan kusa da mu, ana loda manyan motoci zuwa Nijar da Chadi da Legas. Sai dai akwai abin da ke kuɓuce wa Kawu da ire-irensa. Kuɗin ciniki da na cefane a aljihu ɗaya suke zama, bashi a ka ake riƙe shi, kuma idan aka zo lissafin riba ba a cire kuɗin buhu da na lodi da la'adar dillali da raguwar da kaya ke yi bayan an sheƙe su. Shi ya sa mutum zai yi shekara yana cewa kasuwa ta yi kyau, jarinsa kuwa yana zaizayewa bai sani ba. Idan shekarun da na yi a jami'a sun ba ni wani abu, to iya gano irin wannan ɓaraka ne.

Babbar matsalar da na taso ina gani ita ce ta kaka da damina. Manomi yana girbe amfaninsa daidai lokacin da bashin taki ke jiransa, ga aurar da 'ya'ya, ga kuɗin makaranta, dole ya kai kasuwa a ranar da kowa ya kai, farashi a ƙasa. Zuwa watan Yuli ko Agusta rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwar nan yana auna gero da tsada. Riɗi da zoɓon da ake nomawa a Jigawa kuwa har ƙasashen waje suke zuwa, riɗi ana kai shi irin su Japan da Turkiyya, zoɓo kuma Meziko na cikin manyan masu saye. Amma tacewa da tantancewa da ƙulla buhu, inda ribar take, galibi sai kaya sun bar ƙauye ake yin su.

Shirina ba babba ba ne. Zan je bautar ƙasa, in matse alawus ɗin nan na naira 77,000 gwargwadon iko, in na dawo in yi wa sunan kasuwanci rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, in kama shago a gari. Zan riƙa sayen riɗi da sikeli maimakon kwano, domin kwano yana da hannun mai awo, in tace shi kafin in kai Dawanau. Wake kuma zan ajiye shi a buhunan nan masu ninki uku da ke kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Kowane manomi da muka yi hulɗa zai sami shafinsa a littafi, ya san abin da ya kawo da abin da ya karɓa.

Na san za a ce wannan ai ɓoye abinci ne, musamman ga wanda ya tuna yadda hukuma ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau a farkon 2024. A ganina akwai bambanci tsakanin wanda ya kulle hatsi yana jiran mutane su galabaita, da wanda ya taimaki manomi ya jinkirta sayar da buhu biyu zuwa lokacin da kasuwa ta daidaita. Ajiyar ma ba tabbas ba ce, domin a 2025 farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya da yawa suka tafka asara. Saboda haka ba zan zuba jari duka a ajiya ba, juya kuɗi da sauri a kan riɗi shi ne ginshiƙi.

Baba bai hana ni ba, ko da yake na san ya so ya ga ɗansa da katin ma'aikaci, kuma ya gindaya sharaɗin kada in taɓa bashi mai ruwa. Wannan ya rage min hanyoyi, don haka ni da abokaina biyu muka fara adashi, Kawu kuma ya amince in riƙe masa littafin lissafi na kakar bana kafin a tura mu sansani, a kan zai ba ni wani kaso na ribar idan har lissafin ya nuna akwai ta.