Kai yaro wajen ƙwararre kaɗai ba ya wadatarwa

Wani labari da na karanta ya ce iyaye su nemi ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa da zarar yaro ya sauya hali. Na yarda, amma an tsallake abu mai nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka abin ba ƙarami ba ne. Sai dai ƙaramin yaro mai taurin kai da yawan faɗa, abin da ya fi yi masa aiki shi ne a horar da iyayensa: su yaba masa in ya yi daidai, su tsaya kan doka ɗaya, ba yau fari gobe baƙi ba. Matashi kuwa, muddin ya san duk abin da ya faɗa zai koma kunnen babansa, ba zai buɗe baki ba, ko wane ne likitan. Kai kuma Malam mai cewa bulala ce magani, yaron da ya daina ci da barci, yana cewa gara ya mutu, me bulala za ta cire masa?