Ayu nawa gare ku?

Wata Asabar cikin Janairu sanyi ya sauko mana a Tampa, cikin jihar Florida ta Amurka, irin wanda ba mu saba gani ba, sai na kwashi yara muka nufi Apollo Beach, tafiyar da ba ta fi rabin awa ba. Akwai tashar wutar lantarki a can mai suna Big Bend. Tana jan ruwan teku ta sanyaya injinanta, sannan ta sako shi da ɗumi cikin wata magudana mai faɗi. An gina doguwar gadar katako a bakin ruwan, shiga kyauta, ga wurin ajiye motoci, ga shagon tsaraba, ga tsofaffi 'yan sa-kai suna yi wa baƙi bayani. Duk wannan hidima saboda ayu ake yin ta.

Eh, ayu dai da kuka sani. Ga su nan kwance birjik cikin ruwan kamar buhunan gero da aka jiƙa, masu launin toka, wasu har gansakuka ta fito musu a baya. Jifa-jifa sai ka ga hanci ya ɓullo, ya yi fuu, ya koma. Da yawansu akwai fararen tabbai a jere a gadon baya, kamar aikin wanzami. Farfelar jiragen ruwa ce ta tsaga su.

Muna tsaye wani ƙaramin jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwar Baturiya cikin 'yan sa-kan ta ce wa yarana da irin wannan jirgi ake ƙirga ayu. Ta ce dabbar duk girmanta ba ta jure sanyi. Da ruwa ya yi ƙasa da digiri 20 sai ta fara ciwo, har ta mutu. Don haka idan hunturu ya kama, galibinsu sukan tattaru a maɓuɓɓugan ruwa masu ɗumi kamar Blue Spring da Crystal River, da kuma bakin tashoshin wuta. A shekarun baya, ma'aikatan hukumar kula da kifi da namun daji ta Florida kan jira a yi kwanaki ana sanyi, iska ta kwanta, gari ya washe, sannan su tashi. Jirgi yana shawagi a kan wuri guda, mai ƙirga ya manna fuska a taga yana lissafi, wasu kuma suna ƙirgawa daga ƙasa. Karon farko, a 1991, an ga 1,267. A 2017 sun ga 6,620. Shekarar da sanyi bai kai ba, ba sa yi. Kuma ba su taɓa cewa wannan ne adadin ayun jihar ba, iyakar wanda ido ya gani ne a ranar.

Ni kuwa bakina bai yi shiru ba. Na ce mata ai mu ma muna da shi a Najeriya, ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, mu ayu muke ce masa. Ta yi murna ƙwarai, ta maimaita sunan sau biyu. Sai ta ce, "To nawa gare ku?"

Ina laluben amsa, 'yata mai shekara tara ta riga ni. Ta ce, "Baba ya ce a can cinye su ake yi."

Tsohuwar ta yi murmushin nan nasu na Turawa da ba ya kaiwa ido, ta juya ga wasu baƙi. Ban yi wa yarinyar faɗa ba, gaskiya ta faɗa, kuma a bakina ta ji. Amma har muka iso gida ina jera amsoshin da ya kamata in bayar.

Amsoshin kuwa akwai su. Ruwan Crystal River garai yake, kana hango yashin ƙasa. A kawo jirgin nan ya yi shawagi a kan Kwara ko Binuwai da damina mu ga abin da zai ƙirga, ban da kumfa da kainuwa. Ayunmu ba shi da hunturun da zai kora shi wuri guda, ga shi da ɓuya, galibi da dare yake kiwo. Basarke kan gane ya zo ne ta ciyawar da ya tsinka a gaɓa. Wannan ilimi ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba. Sannan su masu ƙirgar, wa ya tsaga bayan dabbobin? Wa ya zuba takin zamani da ruwan masai cikin Indian River Lagoon, wani dogon tafki a gaɓar gabashin Florida, har ciyawar ƙarƙashin ruwa ta mutu? A 2021 kaɗai ayu 1,100 suka mutu a Florida, da yawansu yunwa ce ta kashe su. Abin ya kai gwamnati na watsa musu latas a bakin tashar wuta ta Cape Canaveral, fiye da tan 90 a hunturu guda. Latas fa, irin na salak.

Duk na faɗa wa kaina wannan, kuma duk gaskiya ne. Sai dai da dare ya yi na kasa barci, don na san inda gizo ke saƙa. Sun san 1,100 ne suka mutu saboda suna bin gawa ɗaya-ɗaya suna rubutawa. Da suka ga lissafi ya karkace, sai suka tashi tsaye. Mu fa? Tun 1985 doka ta hana kashe ayu a Najeriya, amma duk wanda ya san kasuwar kayan mata ya san man ayu, kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Ranar da na ƙarshe zai shiga raga, babu wanda zai san shi ne na ƙarshe.

Kuma me zai sa in yi ta kukan ayu? Rabon da a ƙirga mu mutane tun 2006, aka ce mun kai miliyan 140. An shirya ta 2023, an kashe kuɗi, aka ɗage. Yau kowa da adadin da yake faɗa.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa muke gudun ƙirga, kuma ban yarda lalaci ba ne. A wurinmu mai ƙirga bai taɓa zuwa da alheri ba. Ya zo ƙirga kawuna, haraji ya biyo baya. Ya zo ƙirga shanu, jangali ya biyo baya, har Bafulatani ya koyi kora rabin garke daji kafin malamin ya iso. Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a Kano da Kaduna bayan sun hau mulki a 1979, amma tsoron bai tafi ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, idan ka tambaye ta jikoki nawa gare ta sai ta ce "Alhamdulillahi," ta canza zance. A Blue Spring kuwa, kowace safiya ta hunturu akwai mai shiga kwalekwale ya ƙirga ayu, ya gane wasu ta tabbansu, har sunaye gare su. Ni ranar haihuwata da ke fasfo, malamin firamare ne ya ƙaga ta.

Washegari da asuba, can gida rana ta riga ta ɗaga, na kira kawuna da ya ƙare rayuwarsa a sana'ar kamun kifi. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, yaushe rabonka da ganin ayu?"

Ya yi shiru, ina jin kukan awaki a bayansa. Ya ce, "Da idona? Tun kafin auren babarka. Amma an ce yaran Shagunu sun kama wani bara waccan." Sai ya yi dariya. "Kai da ke Amurka me za ka yi da ayu? Ko matarka ce ta aiko ka?"

Na ce a'a, tambaya ce kawai. Ya ce to in gaida yara, kuma kada in manta kuɗin ragar da na yi masa alkawari.