Ƙannena 'yan sakandare, kalmomin kimiyya da hannu ake koyonsu

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, musamman ku da kuke makarantun ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, inda ɗakin gwaje-gwaje ko dai babu shi, ko yana nan a kulle ba kaya a ciki. Akwai abin da yake damuna game da yadda kuke karatun kimiyya, gara in faɗa muku tun kuna da sauran lokaci.

A farkon zango malami yakan rubuta muku matakan binciken kimiyya a allo. Ku kwafa, ku haddace, ku juye a takardar jarrabawa, ku ci maki. Amma da za a tare ɗayanku a ce, "To malam, hasashen nan da ka rubuta ma'anarsa, yi mana guda ɗaya a kan gonar babanka," sai ya sunkuyar da kai. Lura, hasashe, gwaji, bayanai, sakamako, duk sunayen ayyuka ne. Wanda bai taɓa yin aikin ba bai san kalmar ba, ko da ya rubuta ta ba kuskure. Kuma rashin kayan makaranta ba hujja ba ne, domin kayan gwajin farko suna cikin gidanku.

Mu ɗauki wake. Babu wanda bai taɓa ganin an kwance buhu wata biyu ko uku bayan kaka ba, a tarar ƙwari sun huhhuda shi, gari yana zuba daga gindin buhun. In ka ce "waken ya lalace", ba ka yi lura ba, hukunci ka yanke. Lura ita ce ka ɗebi ƙwaya 100 daga tsakiyar buhun, ka baza a faifai, ka ware masu huda gefe guda ka ƙirga, ka duba ko akwai 'yan fararen ƙwai manne a jikin ɓawon, sannan ka rubuta da kwanan wata. Abin da ido ya gani, abin da hannu ya ƙirga, shi ke nan. Daga nan tambaya take fitowa da kanta: me zai hana ƙwarin nan hayayyafa?

Amsar da ka bayar kafin ka gwada ita ce hasashe. Sai dai ba kowace magana ce ta isa a kira ta hasashe ba. "Waken bana ba mai kyau ba ne" magana ce da ba ta da abin kamawa, ba yadda za a yi a gwada ta. Amma "in aka hana ƙwarin iska za su mutu" hasashe ne cikakke, domin akwai hanyar da za a bi a gane ko gaskiya ne ko ƙarya. Ku riƙe wannan da kyau: hasashen da babu abin da zai iya ƙaryata shi ba shi da amfani a kimiyya.

Gwajin kuwa ga shi. Ka samo gorunan roba guda shida iri ɗaya, ka wanke su bushe sarai. Ka roƙi Inna mudu biyu na wake daga buhu ɗaya, ka cakuɗa shi sosai, ka cika gorunan zuwa wuya. Uku ka murɗe murfinsu da ƙarfi ka naɗe da leda ka ɗaure da roba yadda iska ba za ta shiga ba. Sauran ukun ka rufe bakinsu da ƙyalle mai shara-shara. Ka jera su duka a ɗaki ɗaya, a lungu ɗaya, ka bar su wata biyu ba buɗewa. Abu ɗaya tak ka bambanta, iska, shi ne abin canzawa a gwajinka. Abin da za ka ƙirga a ƙarshe, wato ƙwayoyi masu huda, shi ne abin aunawa. Komai da ya rage dole ya zama daidai: irin waken, bushewarsa, wurin ajiya, tsawon lokaci. In ka sa farin wake a wasu gorunan, jan wake a wasu, ko ka ajiye uku a rana uku a inuwa, to ka ɓata aikinka da hannunka, domin ba za ka san wanne ne ya kawo bambancin ba.

Gorunan nan uku masu ƙyalle su ne rukunin kwatance, kuma a nan ne na ga ɗalibai sun fi tuntuɓe. Sai yaro ya ce ai ɓarnar wake ce, tunda an san ƙwari za su cinye. To in babu su, da me za ka kwatanta? Wataƙila waken ma ba shi da ƙwarin tun farko. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya ɗauki ma'aikatan jirgi 12 masu fama da ciwon da yake sa dasashi kumbura yana jini, ya kasa su biyu-biyu, abincinsu ɗaya, amma kowane kashi da nasa magani. Biyun da aka ba lemo da lemon tsami su ne suka farfaɗo da sauri. Da kowa aka ba lemon, ko da kowa aka ba magunguna shidan a haɗe, da ba a gane komai ba. Sai daga baya can aka gano rashin bitamin C ne yake kawo ciwon.

Dalilin gora uku-uku maimakon ɗaya-ɗaya shi ne maimaitawa. Murfi ɗaya yana iya zama da 'yar tsaga ba ka gani ba. A gona ma haka ne. Ka zuba kamfa a kunya ɗaya ka bar ɗaya, geron mai takin ya yi kyau, ka ce taki ne. Alhali kunyar tana ƙarƙashin gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ko kuma nan ne aka kafa turken shanu da rani. Shi ya sa masu binciken noma a Samaru ta Zariya da tashar cibiyar binciken noma ta IITA a Kano suke yanka fili ƙanana-ƙanana su warwatsa gwajin a ciki. Buhun nan mai hawa uku na PICS da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda yake adana wake ba tare da an zuba masa guba ba, daga irin wannan gwajin ya fito, a aikin Jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincike na Kamaru. Ƙwarin suna shanye iskar da ta rage a ciki, sai su daina ci su mutu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Lambobin da ka ƙirga ka rubuta su ne bayanai, kuma amana ne a wuyanka. Na san abin da ake yi lokacin jarrabawar aiki ta WAEC da NECO: ɗalibi bai auna komai ba, ya leƙa littafin na kusa da shi, ko ya jira a raɗa masa lambar da "ya kamata" ta fito. Ƙannena, wannan algus ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji jiƙa a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wanda ya saba gyara lamba a aji, gobe shi ne a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma jinin ƙanwarka za a kai masa. In sakamakonka ya saɓa wa hasashenka, rubuta shi yadda ya zo. Hasashe ya faɗi ba abin kunya ba ne, ka rage hanya ɗaya da ba ta ɓullewa, kuma sau da yawa a nan ne tambaya mafi kyau take fitowa.

Ku kuma yi hattara da abubuwa biyu da suke zuwa lokaci ɗaya. Za ka ji ana cewa ɗanyar masara ce take kawo wa yara zazzaɓi, saboda duk shekara tare suke zuwa. Damina ce ta kawo masarar, ita ce kuma ta cika kududdufai sauro ya hayayyafa. A 1880 wani likita mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a jinin majiyyaci a Aljeriya, a 1897 wani likitan, Ronald Ross, ya same ta a cikin sauro a Indiya. Bayanin da aka yi ta gwadawa haka a ƙasashe daban-daban yana tsayawa shi ake kira nazariyya, kuma ya yi nesa da zaton majalisa.

Kada kuma wani ya ce muku wannan hanya ta baƙi ce. Ibnul Haisam, malamin kimiyya Musulmi wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, da gwaji ya nuna haske a miƙe yake tafiya, kuma gani yana samuwa ne in haske ya shigo ido daga abin da ake kallo. Kuna iya maimaita irin aikinsa da rana tsaka: ku toshe duk kafofin ɗaki ya yi duhu, ku bar huda ɗaya ƙarama, ku riƙe farin ƙyalle a gabanta, za ku ga tsakar gida ta fito a kife.

In wata biyun sun cika, ka buɗe gorunan a gaban Baba da Inna, ku ƙirga tare, ƙwaya 100 daga kowace gora. Wajen rubuta kammalawa kada ka wuce abin da ka gwada. Wake ka gwada, na wata biyu, a gorar roba, don haka ba ka da ta cewa a kan dawa ko gyaɗa tukuna. Ka rubuta yadda ka yi komai dalla-dalla, ka miƙa wa abokinka na wata unguwa ya yi nasa da waken gidansu, sannan ku kai wa malaminku littattafan biyu ya duba.