Aikin da Siya Kolisi yake yi da lamba 6

Duk lokacin da aka ambaci Siya Kolisi, abu ɗaya ake fara faɗa: shi ne baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin tawagar zari-ruga ta Afirka ta Kudu. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da wannan wasa ya daɗe yana hannun fararen fata. Sai dai yawan maimaita zancen ya sa wasu na ganin don tarihi kawai aka ba shi muƙamin. Ra'ayina shi ne masu wannan magana ba su kalli aikinsa a fili ba.

A Zwide ya tashi, unguwar talakawa a Port Elizabeth, an haife shi a 1991. Yana ɗan shekara 12 ya samu tallafin karatu a makarantar Grey. Ya fara buga wa ƙungiyar Western Province a 2011, sai Stormers a 2012, dukansu na Cape Town. A Yunin 2013 ya fara buga wa ƙasa a karawa da Scotland a Nelspruit, inda ya shigo cikin mintunan farko bayan Arno Botha ya ji rauni, aka tashi shi ne gwarzon wasan.

Lamba 6 yake sakawa. A yawancin ƙasashe mai lamba 7 ne ke farautar ƙwallo, amma a Afirka ta Kudu aikin na mai lamba 6 ne. Da zarar an kayar da mai ƙwallo, sakan biyu zuwa uku ne ke raba riba da asara. Wanda ya kayar dole ya saki mutum ya kauce. Wanda zai ƙwaci ƙwallon dole ya shigo ta bayan nasa ɓangaren, ƙafafunsa na ɗauke da nauyinsa. Idan ya shigo ta gefe, ko ya dafa ƙasa da hannu, ko ya kwanta kan ƙwallon, alƙali zai busa, abokan hamayya su samu bugun maki 3. Kolisi ba ya cikin waɗanda suka fi kowa ƙwace ƙwallo. Ƙarfinsa shi ne isa wurin da wuri ya ture mai son ƙwacewa, ya tashi, ya koma layin tsaro, sannan ya ɗauki ƙwallo ta gefen fili inda 'yan baya marasa nauyi suke. Ba a cika nuna irin wannan aiki a taƙaitaccen bidiyo ba.

Kocin tawagar ƙasa Rassie Erasmus ya naɗa shi kyaftin a 2018. A wasansa na farko a matsayin kyaftin, a filin Ellis Park na Johannesburg, Ingila ta yi gaba da 24 da 3, aka tashi 42 da 39 Afirka ta Kudu ce da nasara. A 2019 suka sake doke Ingila 32 da 12 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Yokohama, wasansa na 50 ga ƙasa.

Gasar Kofin Duniya ta 2023 ta fi nuna abin da nake nufi. A Afrilu ya ji mummunan rauni a gwiwa, aka yi masa tiyata, a Agusta ya dawo. Afirka ta Kudu ta doke Faransa 29 da 28, Ingila 16 da 15, sannan New Zealand 12 da 11 a wasan ƙarshe. Idan tazarar maki ɗaya ce, laifi guda a kusa da raga ya isa ya kore ka. Kyaftin ne ke da damar yi wa alƙali magana, shi ke zaɓar a buga neman maki 3 ko a tura ƙwallo kusurwa a nemi maki 5 na ajiye ƙwallo a bayan layin abokan hamayya. Shi ma ya yi kuskure a wasan ƙarshe: kansa ya haɗu da na Ardie Savea na New Zealand wajen tarewa, aka ba shi katin gargaɗi, minti 10 a waje. Da an ga laifin ya kai na Sam Cane, kyaftin ɗin New Zealand, wanda aka kora a wannan wasan saboda tare Jesse Kriel na Afirka ta Kudu ta sama, da labarin ya canza.

A ƙungiyoyi kuwa ba zan ɓoye ba, bai tara kofuna ba. Ya bar Stormers zuwa Sharks ta Durban a 2021, shekarar da ta biyo baya Stormers suka ɗauki kofin URC, gasar ƙungiyoyin Afirka ta Kudu da na wasu ƙasashen Turai. Ya tafi Racing 92 ta Faris bayan Kofin Duniya, kaka ɗaya ya yi ya dawo Sharks a 2024. Gasar Faransa wasanni 26 ce kafin zagayen ƙarshe, ana son ɗan wasa ya riƙa ɗaukar ƙwallo yana cin ƙasa kowane mako na kusan wata tara. A tawagar ƙasa kuma an tsara masa ya zuba duk ƙarfinsa cikin minti 50 ko 60, sannan sabbin ƙarfafa su shigo daga benci, wanda a wasan ƙarshe na 2023 bakwai cikin takwas 'yan gaba ne, wato masu nauyi. Racing ba ta da irin wannan benci, kuma ba don wannan aikin ta saye shi ba.