Haruffa 4,000 sun ishi mai abin faɗa

Wanda ya taso da JAMB ya saba da cewa maki ne ke magana. Ka zauna jarrabawa, a ba ka sakamako bisa 400, ka haɗa da na WAEC ko NECO, wata jami'ar ta ƙara maka tata tantancewar, shi ke nan. Ba mai tambayar ka dalilin da ya sa kake son karanta injiniyanci. A nan Ingila inda nake zaune kuwa, bayan maki sai ka bayyana kanka a rubuce, kuma an auna maka wuri. Hukumar UCAS, wadda ta hannunta ake neman gurbin jami'a a nan, ba ta karɓar rubutun da ya haura haruffa 4,000, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ɗalibai da yawa na kukan wurin ya yi kaɗan. Ni kam ina ganin alheri aka yi musu.

Mai tantancewar nan tulin takardu ne a gabansa, kuma rabinsu kusan baki ɗaya suke farawa: tun ina ƙarami nake da burin zama injiniya domin in taimaki al'umma. Magana ce mai kyau, amma ta kowa ce. Ka kwatanta da yaron da ya rubuta cewa rediyon gidansu ya daina aiki, ya kwance shi, ya tarar da wani ɗan batir mai adana wuta ya kumbura, ya canja shi, sannan abin ya dame shi har sai da ya je ya karanta dalilin da zafi ke kumbura irinsa. Wannan bai ce yana da ƙwazo ba, bai ce yana son ilimi ba. Mai karatu ya gani da idonsa. Kuma jimla uku suka ɗauke zancen.

Abin da ya fi ba ni takaici a rubuce-rubucen da ƙanne ke turo min in duba shi ne yadda ake ɓarnatar da sakin layi na farko wajen yabon jami'a. A tsarin UCAS wannan asara ce biyu, domin rubutu ɗaya ne ke zuwa ga dukkan zaɓinka, har guda biyar. In ka kambama ɗaya da suna, sauran huɗun ma za su karanta. Daga masu shiga a 2026 ma an raba rubutun zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son wannan fanni, yaya karatunka ya shirya ka, me kuma ka yi a wajen aji da zai amfane ka. Wurin kwana-kwana ya ƙara tsukewa.

Amurka daban take, kuma a nan mutane ke zamewa. Manhajar Common App, wadda ake neman gurbin jami'o'i da yawa da ita a can, tana ba ka har kalmomi 650, amma abin da suke nema shi ne kai kanka: wani abu da ya same ka, yadda ya sauya tunaninka. Ingila fannin take son ji, Amurka mutumin. Wanda ya ɗauki labarin rayuwarsa mai sosa rai ya aika wa malamin kimiyyar sinadarai a Manchesta, ya bar shi da tambayar da bai amsa ba: to, me ka karanta? Faransa ta fi su rowar wuri, domin a Parcoursup, shafinsu na neman gurbin karatu, haruffa 1,500 ne iyaka ga yawancin kwasa-kwasai.

Shawarar da nake bayarwa kullum ita ce ka fara rubutawa da tsawo ba tare da ƙirga ba, ka ajiye shi kwana biyu, sannan ka dawo da jan biro. Duk jimlar da wani ɗalibi zai iya sa sunansa a ƙarƙashinta ba tare da ya yi ƙarya ba, soke ta. Kada kuma ka ari na wani, ko da na yayanka ne da ya samu gurbi bara, domin UCAS tana da na'urar gano kamanceceniya kuma tana sanar da jami'o'in. Mai neman likitanci, ko Oksfod da Kambrij, ya tuna cewa ranar 15 ga Oktoba ake rufe nasu, watanni kafin na sauran.